Tabo Huɗu a Hannun Yaya

Ranar da Yaya ta dawo daga asibiti da takardar gwaji, Mama ba ta tambayi abin da likita ya ce a yi ba. Tana jin an ce ciwon hanta ne sai ta miƙe ta shiga kicin. Ta fito da kofi ɗaya, faranti ɗaya, cokali ɗaya. Ta tsinko jan zare da haƙori ta ɗaura a mariƙin kofin.

"Waɗannan naki ne daga yau. Ba don komai ba, don a kiyaye."

"Mama, likita ya ce irin wannan ba a ɗaukarsa a kofi. Ta jini yake bi."

"Idan gidan nan duk ya kwanta, likitan ne zai zo ya yi mana jinya?"

Kowa a gidan Yaya yake ce mata, har Mama da Baba, saboda ita ce ta fari. Ta haura talatin. Aurenta ya mutu shekara shida da suka wuce, ta dawo gaban iyayenta, tana ɗinki a wani shago da ke bakin titi. Ƙaninta ɗaya ne, Auta, wanda ya gama makaranta tun tuni yana zaune yana jiran aiki.

Kafin rana ta faɗi an kai katifarta ɗakin ajiya, tsakanin tsohuwar firjin da ta mutu da akwatunan da ba a cika buɗewa ba. Tagar ɗakin ƙarama ce, bangon maƙwabta kawai take kallo. Daga nan tana jin ƙarar cokula a falo. Tana jin Auta yana ba Baba labarin ƙwallo, Baba yana dariya har da tari. A faranti ɗaya suke ci su biyu, kamar kullum.

Washegari Baba ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, bai shiga ba.

"Na yi tunani a kan abin nan. A can inda kika yi aure kika kwaso shi. Na ji an ce mutanen yankin da reza ɗaya gida guda ke yanke farce."

"Baba, bayan na dawo ai ni na ba ka jini lokacin da aka yi maka aiki. Sun gwada, suka ce jinina lafiya lau."

"To, injinan nan ai suna kuskure."

Ta so ta tuna masa cewa a ranar Auta aka fara nema, ya ce shi tsoron allura yake ji, ya fice daga asibitin bai dawo ba sai da aka gama. Baba ya gyara hularsa ya tafi.

Wanki kam ba a raba ta da shi ba. Ranar Asabar Mama ta tara kayan gidan a bakin famfo kamar yadda aka saba, ta ce bayanta yana ciwo. Tun bara Yaya ta koyi yadda za ta yi da wandunan Auta. Ba ta saka hannu a aljihu, sai ta kama ƙafafun wandon ta zazzage a ƙasa. A wando na uku sirinji ya faɗo kan siminti, allurar a buɗe, da ɗan baƙin jini a ciki.

Sau uku irin wannan allurar ta soke ta cikin shekara huɗu. Sau ukun ta nuna wa Mama.

Ta ɗauki sirinjin da tsumma ta kai kicin. Mama ta leƙa ƙofa tukuna, sannan ta karɓa ta naɗe a leda, ta tura can ƙasan kwandon shara.

"Kada Babanku ya ji. Kin san hawan jininsa."

"Mama, daga nan na samu."

"Ke da kike wuni da allura a hannu? Yatsunki duk huji ne. Wa ya san wadda ta soke ki a shago?"

"Allurar shago zare take ɗauka, ba jini ba."

"Ki rage murya. Yaron nan jarrabawa ce Allah ya ɗora masa. Addu'a yake bukata, ba tonon asiri ba."

Yaya ta koma bakin famfo ta ƙarasa wankin.

Da ta koma asibiti, likita ya ce hantarta ta kumbura, kuma ta fara taɓuwa. Ya ce akwai magani, ƙwaya ɗaya kullum har wata uku, kuma ana warkewa. Da ya faɗi kuɗinsa sai ta sunkuyar da kai. Ko keken ɗinkinta ta sayar ba za ta kama hanyarsa ba. Likitan ya tura ta wurin wata nas mai farin gilashi, mai yawan tambaya.

"An taɓa ƙara miki jini? Kina zuwa wurin masu yankan farce? Ana yi miki allura a kemis?"

Duka ta ce a'a.

"Kin ga, ciwon nan kowane yanki da ƙofar da yake shiga," in ji nas. "Wani wuri ƙarin jini ne, wani wuri aska da reza, wani wuri allurar da ake maimaitawa a kemis. Mu nan, waɗanda nake gani yawanci yaran nan ne masu yi wa kansu allurar maye, sirinji ɗaya ya zagaye mutum biyar. Sai kuma matan da ke gida ɗaya da su. Akwai mai yi a gidanku?"

Yaya ta kalli yatsanta na tsakiya.

Nas ta yi rubutu a 'yar takarda ta miƙa mata. "Akwai cibiya a bayan tashar mota, ina can Talata da Alhamis. Maganin kyauta ne, amma mutum iri biyu kawai ake ba wa: mai yin allurar, da wanda ke zaune da shi, idan sun zo tare an gwada su biyun. Ba ni na tsara ba, masu ba da maganin ne. Ki zo da shi. Shi ma yana bukata, ko da bai sani ba."

Yaya ta samu Auta a bayan gida da tsakar rana, yana zaune a inuwar tankin ruwa cikin riga mai dogon hannu, ga zafi ana ta gumi.

"Yaya ta kaina. Kin ga yadda kika yi haske kuwa? Ciwon nan ya fi man shafawa aiki."

"Ka raka ni wani wuri ranar Talata."

Ta faɗa masa komai. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa, ya shiga jan hannun rigarsa ƙasa.

"Bayan tasha? Yaya, kowa ya san su wa ke shiga wurin nan. Mai shayin da ke kallon ƙofar ma abokin Baba ne."

"Awa ɗaya ce kawai."

"Ni fa lafiyata ƙalau. Kuma na kusa dainawa, wallahi. Ki ba ni wata ɗaya. In Kawu ya gama maganar aikin nan, ni da kaina zan saya miki maganin."

"Auta, tun kana firamare kake ce mini gobe."

Ya tashi ya kakkaɓe wandonsa ya fita. Da yamma ta tarar da lemo biyu a bakin ƙofar ɗakin ajiya. Bai ƙwanƙwasa ba.

Wata ɗaya ya wuce, aka shiga na biyu. Ƙaiƙayi ya kama ta, tana sosa ƙafafunta har su ɗaye. Ƙamshin mai a kasko yana tayar mata da zuciya. Ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama kamar an cusa dutse. Mama ta karɓo wani jiƙo a gora, tana zuba mata a kofi mai jan zare safe da yamma, ta ajiye a bakin ƙofa. Yaya ta sha ta amayar. Mama ta ce ciwon ne ke fita.

A shago sau biyu barci yana ɗauke ta ƙafarta a kan keke. Ta ɗinka hannun riga a baibai, abin da ba ta taɓa yi ba ko tana koyo. Mai shagon mace ce mai kirki daidai gwargwado. Ta dubi idon Yaya da ya koma ruwan ɗorawa, ta ce ta mai da kekenta ƙuryar baya, bayan labule.

"Ba korarki nake yi ba. Kin dai san mutane. Jiya wata ta ce kada ki taɓa kayan ɗanta."

Daga ranar ba ta ƙara auna kowa ba. Ana miƙo mata yadi ta gefen labule, ta ɗinka, ta miƙa. Hirar shago tana jin ta kamar rediyon maƙwabta. Wani lokaci a yi abin dariya ta yi murmushi ita kaɗai, ba wanda ya gani.

Kawu, yayan Mama, ya zo ranar Lahadi da albishir. Kamfanin da yake aiki zai ɗauki Auta a sito farkon wata.

"Amma fa suna bincike," ya ce a falo, da ƙarfi yadda ya saba. "Manajan nan in ya ji ƙishin-ƙishin ɗin wani abu, magana ta ƙare."

Da zai tafi ya leƙo ɗakin ajiya daga nesa. "Sannu, 'yata. Ai tun lokacin na ce ban so auren nesan nan ba. Mutanen can ba su san tsafta ba."

Ranar Litinin, bayan Baba ya fita, Mama ta shigo ɗakin. Karo na farko ke nan tun da aka kawo katifar. Yaya ta ji daɗi har ta matsa mata wuri, amma Mama ta zauna a kan akwati.

"Na yi ta juya abin a raina. Kin ce mutum iri biyu suke ba wa. To ki je ki ce ke ce mai yi."

Yaya ta dube ta.

"Magana ce ta baki kawai. Su rubuta, su ba ki magani, ki warke. Wa aka cuta? Ke kin yi aurenki kin fito, babu mai bincike a kanki. Shi kuwa yanzu zai fara rayuwa. Ki ja mayafi ki rufe fuska, mai shayin ba zai gane ki ba."

"Suna duba hannu, Mama."

"Na yi wannan tunanin ma."

Ta buɗe tafin hannunta. Allurar ɗinki ce sabuwa, da kwalin ashana.

Mama ce ta koya wa Yaya ɗinkin hannu tun tana ƙarama, kafin idonta ya raunana ta ajiye allura shekara goma da suka wuce. Ta ƙyasta ashana ta gasa bakin allurar har ya yi baƙi, ta goge da gefen zaninta. Ta sauko ta kama hannun Yaya na hagu ta ɗora a cinyarta. Rabon da wani ya taɓa ta a gidan, wata biyu ke nan. Tafin Mama da ɗumi. Yaya ba ta janye hannun ba.

"Kau da kai."

Sau huɗu ta soka. Tana auna tazara da babban yatsanta, tana cewa sannu bayan kowace ɗaya. Da ta gama ta fita. Yaya ta ji ta a bakin famfo tana wanke hannu da sabulu, ta daɗe tana wankewa.

Cibiyar ɗaki uku ce da benci biyu a baranda. Samari sun cika bencin, wasu na gyangyaɗi, wasu na musu a kan wanda ya riga zuwa. Wani dogo mai karyayyen haƙori ya matsa mata.

"Zauna, Anti. Ƙaninki kike nema? Faɗi kamanninsa, duk mun san juna."

"Ni ce," ta ce a hankali.

Ya dube ta sama da ƙasa. "To, Allah ya shirye mu baki ɗaya. Ni na ɗauka wa'azi kika zo yi mana, har na gyara zama."

Da layi ya zo kanta, nas mai farin gilashi ta gane ta nan take.

"Ina shi?"

"Babu kowa. Ni ce nake yi."

"Me kike sakawa?"

Yaya ba ta san sunan komai ba.

"Miƙo hannun."

Nas ta daɗe tana kallo. Tabo huɗu a jere, tazararsu ɗaya, layi miƙe kamar an ɗora ma'auni, kuma ko ɗaya bai hau kan jijiya ba.

"Shekara tara ina duba hannuwa a ɗakin nan," ta ce. "Ban taɓa ganin mai allura ya yi wa hannunsa kalmasa ba. Wa ya ɗinka miki wannan?"

Sai a lokacin hawaye suka zo wa Yaya. Nas ta tashi ta tura ƙofa. Ta jawo ƙasan idon Yaya ta duba, ta danna mata ciki ta gefen dama, Yaya ta cije leɓe.

"Ba za ki iya jira sai ya yi hankali ba. Zan rubuta abin da kika faɗa da bakinki. Amma ki sani, katin da zan ba ki shuɗi ne, na masu yi, kuma an rubuta a jiki. Shi za ki riƙa nunawa duk zuwa. Kin yarda?"

"Na yarda."

Ta ɓoye katin a cikin akwatin da Mama ta zauna a kai. Kwana goma tana shan ƙwayarta da safe ba wanda ya tambaye ta daga ina. A rana ta goma sha ɗaya kamfani ya nemi takardun makarantar Auta, Baba ya shiga ɗakin ajiya nemansu tana shago.

Ta dawo ta same su duka a falo. Katin yana kan tebur. Auta yana tsaye a jikin bango cikin sabuwar riga, idonsa a kan waya.

"Naɗe hannun rigarki," in ji Baba.

Ta naɗe. Ya sunkuyo ya duba, bai taɓa ba.

"Ashe ba can kika kwaso ba. Ni ina nan ina ɗaukar alhakin mutanen wani gari." Kamar ma wani nauyi ne ya sauka daga kansa. "Dama na daɗe ina jin wani abu ba daidai ba a gidan nan. Ashe ke ce."

"Mama," Yaya ta ce, "ki faɗa masa."

Mama ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Ta kalli katin, ta kalli Auta.

"Malam, a rufa mata asiri. Jarrabawa ce."

"Asiri zan rufa, amma ba a gidana ba. Ba za ta lalata mini yaro ba, yanzu da Allah ya buɗa masa."

Yaya ta juya wurin Auta. Yatsansa yana ta hawa da sauka a kan wayar, kuma wayar a kashe take.

Mai shago ta bar ta ta shimfiɗa katifa a bayan labule, kusa da kekenta. Da ta kwance jakar da Mama ta haɗa mata, ta tarar da kofin mai jan zare a saman kaya.

An raba mata kofi, an raba mata ɗaki, an raba ta da gida. Sirinjin da ya kawo ciwon kuwa ba a raba shi da kowa ba. Yana nan a aljihu, yana shiga falo, yana zama kusa da Baba a ci abinci. Kowa a gidan ya nemo wa ciwon gari mai nisa, don kada a duba bakin famfo.

Makonni suka yi ta wucewa. Ƙaiƙayin ya ragu, idonta ya fara washewa, ta koma cin abinci. In an rufe shago da yamma babu motsin kowa sai na motoci a titi. Duk ranar karɓar magani dogon nan yana ajiye mata wuri a benci, yana ce wa sauran, "Ku matsa wa Anti, ta fi ku daɗewa a harkar." Shi kaɗai ne yake tambayarta ya jiki ya tsaya ya ji amsa.

A mako na goma sha ɗaya, ranar Asabar da hantsi, aka ɗaga labulen. Mama ce. Gefen zaninta a jiƙe, tana ƙamshin sabulun wanki. Yatsanta na tsakiya a ɗaure da tsumma.

"Wucewa na zo yi, na ce bari in leƙo."

Yaya ta share mata kujera. Mama ta zauna, ta dubi katifar, ta dubi keken.

"Kin yi kyau. Idon ya washe."

"Alhamdu lillahi. Ya Baba?"

"Yana nan. Auta ma yana ta zuwa aiki. Sai dai kwana biyu ba ya cin abinci sosai, ya ce ƙamshin mai yana damunsa."

A gaban shago ana ta musu a kan tsawon wata riga.

"Ni kam," in ji Mama, tana kallon ƙasa, "shi wannan ciwon, in abu ya soki mutum, bayan kwana nawa yake nunawa?"

Yaya ta kalli yatsan.

"Allurar ɗinki ce," Mama ta yi saurin cewa.

"Mama, yau Asabar."

Ta ɗauko gorar ruwa ta zuba a kofinta mai jan zare, don shi kaɗai take da shi, ta ajiye a gaban Mama. Sannan ta buɗe aljihun keken ta ciro 'yar takardar nan da nas ta rubuta mata tun farko, ta ajiye kusa da kofin.

"Talata da Alhamis. In an je da wuri ya fi. Mutum biyu suke karɓa tare."

"In kuma bai yarda ba?"

Idon Mama ya sauka a kan hannun Yaya na hagu, inda tabo huɗun suka dushe amma ba su ɓace ba. Daga nan ya koma kan 'yar matashin da aka soke allurai a jiki, a gefen keken.

Yaya ta ɗauke matashin ta saka a aljihun keke ta rufe.

"Ni ba zan yi miki ba, Mama. Ki zo da ɗanki."

Ta jawo yadin da take kai, ta ɗora ƙafa a kan keke. Mama tana zaune riƙe da yatsanta, kofi da takarda a gabanta. Ba ta sha ruwan ba, ba ta kuma tashi ba.